Gado Na Bakwai

Ni ce mai wankin miki a ɗakin maza,
shekara goma sha ɗaya hannuna na cikin auduga.
Na san warin ƙuna, na san na karaya,
hancina kan riga idona sanin labari.

Mutari baduku ya zo daga Birni da ƙafarsa,
aikin kaba ne, kwana uku a sallame shi.
Ya leƙa cikinsa ya yaba wa likita:
"Wannan hannu, da jaka yake ɗinki, da ya ci kasuwa."
Muka yi dariya har mai gadi ya leƙo.

Kwana na biyar bakin ɗinkin ya yi ja.
Na shida ya kumbura, ya ɗauki zafi kamar dutsen unguwarsu da azahar.
Na bakwai ya buɗe baki.
Mutari ya duba, ya daɗe yana dubawa,
ya ce, "Barira, zaren lafiya lau yake.
Fatar ce ta ƙi."

Muka ba da allura, ta shiga kamar ruwa a rairayi.
Muka sauya wata. Muka sake sauyawa.

Ma'azu na ɗakin gwaji ya kira ni da yatsa,
ya ɗaga ɗan faranti ga hasken taga:
ɗige-ɗige ruwan zinariya, kyawawa, wallahi kyawawa.
A madubinsa sun taru cunkus kamar nonon dabino.
Ya jera musu magani shida a kewaye,
sun zo har bakin biyar sun kwanta,
kamar tumaki a gindin rijiya.
"Sitafilokok," in ji shi. "Mai taurin kan.
Yana zaune a hancin mai lafiya, ɗan haya marar surutu,
sai ya ga ƙofa a fata."

Na ce wa ya koya masa?
Ya ce mu.
Ja-da-rawaya a faranti cikin rana a Kasuwar Dole,
ƙwaya biyu don ciwon kai, uku don mura,
a sha rabi, a ji dama, a ajiye saura don baɗi.
Kullum muna marinsa, ba mu taɓa kashe shi ba,
har ya haddace hannunmu.

Sai gado na takwas ya ɗauka,
yaron da kabu-kabu ya kayar a hanyar Mirya.
Sai na tara, tsohon da ya zo da tsakuwar mara.
Bakwai, takwas, tara.
Haka nake bi da safe.
Haka nake bi.

Ranar nan famfo kwanansa huɗu yana tari babu ɗigo,
safar hannu ɗaya ta rage a kwali,
na ce bari in lallaɓa.
Ban faɗa wa kowa wannan ba sai takardar nan.

Magani na shida yana Yamai,
kuɗinsa ya fi jakunkunan da Mutari ke ɗinkawa a damina biyu.
Ƙanensa ya sayar da keken ɗinki da akuya.
Muna jiran mota.

Yanzu ina tare ɗan garuwa tun da asuba,
jarka biyu, daga albashina.
Buta da sabulu a ƙofar ɗaki,
na hana kowa wucewa, har babban likita,
ya harare ni, ya nannaɗe hannun riga.
Tsakanin gado da gado ina cuɗa yatsu
har bayan hannuna ya tsage kamar tabkin rani.

Jiya da na koma gida
Cima ta sheƙo da gudu, hannu a sama.
Na ɓoye nawa a baya.
Na ce tsaya, uwata, kawo buta tukuna.
Ta tsaya tana kallona,
ba ta san laifin da ta yi ba.